Kofaton Akuya da Tsaron Garke a Ƙasar Bahindi: Waiwaye Cikin Tarihi

Gabatarwa

Masu rubuta tarihin kiwo a Arewacin Nijeriya sun fi mai da hankali ga saniya, sabili da ita ce dukiyar da sarakuna suka ƙidaya, ita Turawa suka ɗora wa jangali, kuma a kanta aka fi yin shari'a. Amma dabbar da talaka ya dogara da ita yau da kullum akuya ce. Ƙidayar dabbobi da Gwamnatin Tarayya ta sa aka yi cikin shekara ta 1990 ta nuna akwai awaki wajen miliyan 34 da rabi a ƙasar, tumaki miliyan 22, shanu kuwa ba su cika miliyan 14 ba. Mafi yawan awakin nan a cikin gidajen manoma suke, uku a nan, biyar a can, kuma galibi na mata ne, kamar yadda Polly Hill ta gani a Batagarawa ta ƙasar Katsina, ta bayyana cikin littafinta na 1972. Da kuɗin akuya ake yin suna, da shi ake sayen magani, da shi ake cike gurbin hatsi in rumbu ya ƙare kafin kaka.

Abubuwa biyu ne suke raba manomi da akuyarsa ba tare da ya sayar ba, watau ciwo da ɓarawo. Abin da tarihin ƙasar Bahindi yake nunawa shi ne waɗannan biyu a haɗe suke. Duk lokacin da tsoro ya sa aka tsare akuya wuri ɗaya, kofatonta ne yake fara lalacewa. In kuwa aka sake ta don ƙafarta ta samu lafiya, sai an sami wanda zai tsare ta. Don haka lafiyar kofato ta rataya ne a kan irin tsarin da jama'a da hukuma suka yi wa ƙasa da tsaro, kuma wannan tsari ya sāke kama sau da yawa cikin shekaru 200 da suka wuce.

Ƙasar da Ruwanta

Bahindi tana cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, a masarautar Gwandu. Kogin Kwara ya ratsa wannan ƙaramar hukuma, kuma a yankin ne Gulbin Kabi yake zuba a cikinsa. Daga yamma akwai iyakar Jamhuriyar Benin, inda garuruwa irin su Illo da Lolo da Tsamiya da Ka'oje suke fuskantar ƙasar Kandi da Segbana. Mazauna wurin sun haɗa da Hausawa da Fulani da Dendawa da Zabarmawa da Kyangawa da Busawa, kuma noma da su da kiwo su ne sana'o'insu.

Kwara a nan sau biyu take kawo ruwa cikin shekara. Na farko ruwan damina ne na ƙasashen kusa, wanda yake cika wajen watan Satumba, ana ce masa farin ruwa don lakar da yake ɗauke da ita. Na biyu ruwan duwatsun Gini ne, wanda yake daɗewa cikin fadamun ƙasar Mali, ba ya isowa sai cikin sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu, ana ce masa baƙin ruwa don ya riga ya tace. Sakamakon haka fadamar Kwara takan jima da danshi bayan tudun Sakkwato da Katsina sun bushe ƙurmus. Wannan alheri ne ga mai noman shinkafa da mai shanu, domin ciyawa ba ta yankewa da wuri. Ga akuya kuwa akwai matsala, domin ita dabbar tudu ce, kofatonta ya fi son tsandauri da tsakuwa.

Yadda Kofato Yake Lalacewa

Kofaton akuya rabe yake gida biyu, kuma a tsakaninsu akwai fata mai laushi. Kofaton yana tsiro kullum kamar farcen mutum, tafiya a ƙasa mai tauri ce take goge shi. In akuya ta daɗe a turke, gefen kofaton yakan yi tsawo ya lanƙwashe ta ƙasa, ya zama kamar aljihu mai tara taɓo da kashi. Danshi kuma yakan jiƙa fatar tsakani har ta yi laushi ta tsage, ko ƙaya ta soke ta, ko kaska ta maƙale a wurin ta bar rauni. Ta wannan ƙofa ƙwayoyin cuta suke shiga.

Ruɓewar kofato, wadda ake ganewa da ɗingishi da ɗoyi, ƙwayoyin cuta iri biyu ne suke taruwa su haddasa ta. Ɗaya, Fusobacterium necrophorum, tana nan kullum cikin kashin dabbobi. Ɗayar, Dichelobacter nodosus, ita ce take cin kofaton har ya rabu da nama. Wani masani mai suna Beveridge ya tabbatar da aikinta a ƙasar Ostareliya cikin 1941. Abin lura game da wannan ta biyu shi ne ba ta iya rayuwa a ƙasa fiye da kamar mako biyu in babu ƙafar da za ta shiga. Watau dabba ce take kawo wa dabba, kuma turken da aka bari ya huta ya bushe kwana 14 ya tsarkaka. Ban da wannan akwai boru, ciwon baki da ƙafa, wanda ya fi tsanani ga shanu amma awaki ma sukan ɗauka su yaɗa, akwai kuma kumburin cikin kofato da yakan sami dabbar da aka ɗura wa hatsi da yawa lokaci guda wajen kiwon turke.

Ɗingishi ba ya kashe akuya nan take, shi ya sa ake raina shi. Amma akuyar da take kiwo a durƙushe ba ta ƙoshi, nononta yakan ragu, 'ya'yanta su tsumbure, bunsuru mai ciwon ƙafar baya kuma ba ya iya barbara. Sa'an nan ita ce ake bari a baya in garke ya taso, ita kura take fara samu.

Tsarin Tsaro Kafin Zuwan Turawa

A ƙarni na 19 wannan yanki bakin iyaka ne tsakanin ƙasashe biyu. Bayan jihadin 1804, yammacin Daular Usmaniyya ya faɗa hannun Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da zuriyarsa a Gwandu, Fulanin Ka'oje kuma suka bi Gwandu, alhali sarautar Illo tana da dangantaka da Busa ta ƙasar Bargu. Hanyar fataken goro daga Kano da Sakkwato zuwa Gwanja ta bi ta Jega, ta haye Kwara a wajejen Illo da Gaya, ta nufi Kandi da Jugu har Salaga. Ƙasar Bargu ta yi suna wajen tare ayari, har ya zama madugu ba ya shiga cikinta sai da makamai da shirin biyan fito. A irin wannan wuri, wanda ya bar dabbarsa ta kwana a daji ya yi sadaka da ita.

Duk da haka akwai tsari, kuma ginshiƙinsa rabon nauyi ne tsakanin dare da rana. Alƙur'ani mai girma, cikin Suratul Anbiya, ya ba da labarin hukuncin Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu a kan tumakin da suka shiga gona da dare. Muwaɗɗa ta Imamu Malik kuma ta kawo hukuncin da aka yi game da taguwar Bara'u ɗan Azibu, inda aka ɗora wa masu gonaki tsaronsu da rana, aka ɗora wa masu dabbobi biyan ɓarnar da dabbobinsu suka yi da dare. Da wannan ƙa'ida alƙalan Malikiyya suka yi aiki. Ma'anarta a aikace ita ce dabba tana da haƙƙin fita da rana, mai ita kuma wajibi ne ya killace ta da dare.

Al'adar ƙauye ta ƙara nata a kan wannan. Da an yi shuka, mai gari yakan sa a yi shela kowa ya ɗaure dabbobinsa, ko a haɗa su a hannun makiyayin gari ya bi da su ta burtali zuwa makiyaya, ya komo da su kafin magariba. Bayan an kawar da amfanin gona sai a sake su su ci kara da harawa. Akuyar da ta yi ɓarna akan kai ta gidan mai gari, mai ita ya biya kafin ya karɓa, wani lokaci ma ta komo da tabo, shi ya sa Hausawa suke cewa akuya ta yi wayo da yankakken kunne. Tsagar kunne kuma ita ce shaidar da kowane gida yake gane tasa. A kasuwa dillali ne jingina: ba a sayen dabba sai ta hannun wanda ya san mai ita, in ta zama ta sata shi za a tuhuma. Da dare kuwa akwai ganuwa ko shingen ƙaya, da kare, da ɗakin awaki a tsakar gida kusa da ɗakin uwargida.

Wannan tsari ya taimaki kofato ko da ba don shi aka yi ba. Tafiyar burtali safe da yamma tana goge shi. Kwashe taki daga turke zuwa gona kafin damina yana rage ƙazanta a ƙarƙashin ƙafa. Ɗaurin kansa na 'yan watanni ne, rani mai tsawo yana biye da shi. In ciwo ya kama, akwai wuƙa ta yanke abin da ya yi tsawo, da ruwan gishiri ko kanwa na wanki, da toka, da garin bagaruwa wanda majema suke jima da shi, mai sa rauni ya tsotse, da man kaɗanya. Hukumar daular ma ta san darajar ƙananan dabbobi: masana tarihin Sakkwato sun nuna Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu 1837, ya kwaɗaitar da Fulani su zauna wuri ɗaya, su ƙara kiwon awaki da tumaki da dawaki. Sai dai garken talaka bai cika kai 40 ba, watau nisabin zakka, don haka ba ya shiga lissafin baitulmali. Annobar bushiya da ta share shanu wajen 1890 zuwa 1891 ta daɗa fito da amfanin akuya, domin da ƙananan dabbobi makiyaya da yawa suka rayu, da su suka sāke tara shanu.

Zamanin Turawa: Iyaka, Jangali da Fata

Ƙarshen ƙarnin ya zo da tseren Ingila da Faransa a kan Bargu. Yarjejeniyar da suka ƙulla a Faris ran 14 ga Yuni 1898 ta raba ƙasar biyu, Illo ta faɗa rabon Ingila, Nikki da Kandi suka faɗa rabon Faransa cikin ƙasar Dahome. Cikin shekaru goma na farkon mulkinsu Turawan Ingila suka cire Illo daga Bargu suka haɗa ta da Gwandu a Lardin Sakkwato. Iyakar ta ratsa makiyaya da hanyoyin da dabbobi suka saba bi, ta kuma ba ɓarawo abin da bai taɓa samu ba, watau layin da in ya ƙetare shi da dabba, dogarin da yake bin sawunsa dole ya tsaya. Makiyaya su ma sun yi amfani da ita, sukan ƙetare in lokacin ƙidayar jangali ya zo.

Gaskiya ne mulkin Turawa ya kashe yaƙe-yaƙe da harin bayi, har mutane suka fita daga ganuwa suka kafa tungaye kusa da gonakinsu. Amma hankalin gwamnati game da dabbobi wuri biyu ya tafi. Na farko saniya, domin jangali babbar hanyar kuɗin shiga ce ga baitulmalin En'e. Ma'aikatar likitan dabbobi da aka fara a Zariya, aka mayar da ita Bom cikin 1924, yaƙi da bushiya da ciwon huhun shanu ne babban aikinta. Na biyu fata. Tun kafin Turawa jemammiyar fatar jar akuyar Sakkwato tana ƙetare Sahara. Barth ya ga cinikin fatu da takalma a Kano cikin 1851, a Turai kuma ana kiran fatar da sunan Maroko don ta can take isa gare su. Da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, cinikin ya juya kudu zuwa Ikko. Gwamnati ta ɗauki malaman fata suna koya wa mahauta fiɗa ba tare da yanka fatar ba, da shanya ta a inuwa, kuma a ƙasar Sakkwato aka shiga dandaƙe bunsuran da ba ja ba don irin ya tsarkaka. Faransawa ma sun yi haka a ƙasar Maraɗi.

Duk wannan ƙoƙari a kan abin da ake samu bayan an yanka akuya aka yi shi. Ciwon ƙafarta ba ya rage kuɗin fata a Landan, ba ya kuma taɓa jangali, saboda haka ya zauna a hannun matan gida da wuƙar maigida kamar yadda yake tun dā. Ko annobar awaki da tumaki mai kama da bushiya, wadda aka fara bayyana ta a ƙasar Kwaddibuwa cikin 1942, ta daɗe ba ta sami irin kulawar da bushiya ta samu ba.

Daga Mulkin Kai Zuwa Yau

Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe makiyaya cikin 1965, kuma gangamin allurar bushiya na ƙasashen Afirka da aka soma 1962 ya yi nasara ƙwarai, ko da yake cutar ta komo da ƙarfi cikin 1983 kafin a shelanta ƙarewarta a duniya cikin 2011. An soke jangali cikin shekarun 1970, an yi gyaran ƙananan hukumomi 1976, an ƙirƙiro Jihar Kebbi 1991. A cikin waɗannan canje-canje ikon mai gari da hakimi a kan ƙasa ya ragu, alhali ba a sami wata hukuma da ta ɗauki aikin tsare burtali da muhimmanci ba.

A lokaci guda jama'a ta ƙaru, fari na 1973 da na 1984 ya turo makiyaya daga arewa zuwa kwarin Kwara, injin ban ruwa kuma ya mai da fadama gonar shinkafa rani da damina. Wannan ci gaba ne ga abinci, amma ya taɓa tsohon tsarin a gindinsa: in akwai shuka a fadama cikin rani, to lokacin sakin dabbobi ya gajarta, ɗaurin da dā na wata huɗu ko biyar ne ya miƙe. In ambaliya ta zo kuma, kamar wadda ta cinye gonakin shinkafa a Jihar Kebbi cikin 2020, mutane da dabbobi sukan taru a ɗan tudun da ya rage, cikin taɓo, garken wannan yana taka sawun na wancan. Babu yanayin da ruɓewar kofato take so kamar wannan.

Iyakar ma ta daɗa tsauri. Ƙungiyar ECOWAS ta amince cikin 1998 makiyaya su riƙa ƙetare iyakoki da takardar shaida, amma Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, Benin kuma ta hana shigowar garkunan ƙetare a ƙarshen 2019. Daga 2021 mayaƙa masu ɗauke da makamai suka yawaita kai hari a arewacin Benin. A ɓangaren Nijeriya satar dabbobi ta tashi daga aikin mutum ɗaya mai tsallaka danga da dare ta zama ta gungun masu bindiga a kan babura. Abin da ya faru a Mera ta Ƙaramar Hukumar Augie cikin Nuwamba 2024 ya isa misali: Lakurawa sun kore dabbobi, mutanen gari suka bi sawu kamar yadda kakanninsu suke yi, aka kashe mutum 15. Kotun Tarayya ta haramta ƙungiyar cikin Janairu 2025. Kare da shingen ƙaya da bin sawu an yi su ne don kura da ɓarawon dare, ba su da tasiri a gaban bindiga. Abin da ya rage wa mai awaki biyar shi ne ya hana yaro fita da su nesa, ya tsare su a gida, ko ya karyar da su a kasuwa. In ya tsare su, matsalar ta komo kan kofato.

Abin da Ilmin Zamani Ya Ƙara

Tun da tsarewa ta zama dole a wurare da yawa, wajibi ne a yi ta yadda ƙafa za ta jure. Turke ya kasance a tudu, da rumfa, da gangaren da fitsari zai bi, a riƙa share shi, in da hali a yi dakali ko gadon itace inda awaki za su hau. A ajiye dutse ko tsakuwa wajen da suke cin abinci don kofato ya riƙa gogewa. A duba ƙafafu duk bayan mako shida zuwa takwas, a cire kaska da ƙaya, a rage abin da ya yi tsawo da wuƙa mai kaifi kaɗan-kaɗan, a tsaya da an ga wurin ya fara ja, kada a fid da jini. Sabuwar dabba daga kasuwa a ware ta mako biyu ko uku, a duba ƙafarta kafin ta shiga cikin sauran. Wadda ta kamu a raba ta da garke a wuri busasshe, a tsoma ƙafafun sauran cikin ruwan sinadarin zinki salfet, kashi 10 cikin 100.

Akwai kuma gyara ga abin da aka daɗe ana koyarwa. Dā akan ce a fere ruɓaɓɓen kofato sosai don iska ta shiga. Gwajin da aka yi a kan tumaki a Ingila, wanda aka buga sakamakonsa cikin 2010, ya nuna fere kofato mai ciwo yana jinkirta warkewa, kuma allurar oksitetrasaikilin mai daɗewa a jiki, in an yi ta cikin kwanakin farko, ita ce ta fi saurin tsayar da ɗingishi. Wannan allura aikin malamin dabbobi ce, shi ya san awo gwargwadon nauyi da kwanakin da za a jira kafin a sha nono ko a ci nama. Shafa baƙin man inji a rauni, wanda ake gani a wasu ƙauyuka, ƙona nama yake yi.

Kammalawa

Tarihin ƙasar Bahindi ya nuna akuya ta fi samun lafiya a lokacin da aka tabbatar mata da abu biyu, hanyar fita da rana da wurin kwana amintacce da dare, kuma mutum ɗaya bai taɓa iya samar da su shi kaɗai ba. Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya da aka kafa cikin 2024, da alkawarin da ƙasashen duniya suka ɗauka a Abijan cikin 2015 na kawar da annobar awaki da tumaki zuwa shekara ta 2030, sun buɗe ƙofar kai malaman dabbobi gidajen manoma. In malamin da ya je allura ya ɗaga ƙafar akuya ya duba, ya kuma koya wa matan gidan, waɗanda su ne masu dabbobin, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Ga ma'aikatan ƙananan hukumomi kuwa aiki uku ne a gabansu: su auna burtalolin da suka rage su kafa musu alama tare da hakimai da arɗaɗɗa, su mai da dillalan kasuwannin bakin iyaka masu rajista da za a iya tuhuma in an sayar da dabbar sata, su kuma nemi hanyar musayar labari da takwarorinsu na Segbana da Kandi, yadda rahoton sata zai riga ɓarawo isa kasuwa. Ɗalibai masu neman abin bincike su ma ga fili: sunayen cututtukan kofato da magungunansu a bakin Dendawa da Kyangawa da Fulanin Ka'oje suna nan wurin tsofaffi, ya kamata a rubuta su tun masu sanin suna raye.